Tallafin Jami'a ga Binciken Launin Fata da Jinsi: Misalin W.E.B. Du Bois

A wannan takarda muna son mu duba abin da ake nufi idan an ce jami'a ta tallafa wa bincike a kan zaman jama'a, musamman wanda ya shafi launin fata da ƙabila da jinsi. Za mu ɗauki misali guda daga ƙasar Amurka.

A shekarar 1896 Jami'ar Fensilbaniya ta ɗauki W.E.B. Du Bois domin ya binciki halin zaman baƙar fata a Unguwa ta Bakwai ta birnin Filadelfiya. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami digirin dakta daga Jami'ar Harvard, a 1895. Ya tare a cikin unguwar, ya bi gida-gida yana tambayar mutane game da sana'a da haya da lafiya da iyali. Littafin da ya fito daga wannan aiki a 1899, wato The Philadelphia Negro, ya nuna cewa talauci da cututtukan da ake jingina wa jinin baƙar fata sun samo asali ne daga tarihin bauta da hana su aiki da kuma munin gidaje. Har ila yau akwai babi na musamman da Isabel Eaton ta rubuta a kan masu aikatau, sana'ar da mafi yawan ma'aikata mata na unguwar ke yi.

To, amma wane irin tallafi ya samu? An biya shi albashi, an kira shi mataimaki. Ba a ba shi ofis ba, ba a ba shi ɗalibai ba, kuma da aiki ya ƙare ba a yi masa tayin kujerar koyarwa ba. A ganinmu wannan sayen rahoto ne kawai, domin bincike irin wannan ba ya ɗorewa sai da matsayi na dindindin da ɗaliban da za su gaje shi.

Wannan matsayi ya same shi a Jami'ar Atlanta, ta baƙar fata, daga 1897. A can ya tsara a riƙa ɗaukar fanni guda kowace shekara, kamar kasuwanci ko ilmi ko addini, a koma kansa bayan shekara goma, har tsawon shekara ɗari. Sai dai jami'ar da ke da niyya ba ta da kuɗi, masu hannu da shuni kuwa sun fi karkata ga makarantun koyon sana'a irin ta Booker T. Washington. A 1910 Du Bois ya koma ƙungiyar NAACP. Ya rasu a Akara a 1963, kuma sai a 2012 Jami'ar Fensilbaniya ta ba shi muƙamin farfesa na girmamawa.