Farautar Elk Babu Dusar Ƙanƙara: Inda Waya Ke Taimakon Maharbi Da Inda Take Barinsa

A watan Disamba na 2023, mutanen jihar Montana da ke arewa maso yammacin Amurka sun yi ta ɗaga kai suna duban tsaunukansu, suna ganin busasshiyar ciyawa a wuraren da suka saba gani fari fat. Watan yana cikin mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a jihar, dusar ƙanƙara kuma ta yi ƙaranci sosai. Ga mai zaman birni wannan sauƙi ne, ba sai ya share ƙofar gida da shebur ba. Amma ga maharbin da ya biya kuɗin lasisi, ya ɗauki hutun aiki, yana sa ran cika firijin gidansa da naman da iyali za su ci har shekara ta zagayo, wannan ɗumin matsala ce babba.

Na faɗa cikin wannan batu ne ta hanyar taswira. Ina koyon yadda ake sa taswira ta yi aiki a waya ba tare da data ba, sai na gano cewa maharban Amurka suna cikin waɗanda suka fi kowa dogaro da irin wannan manhaja. Daga nan na bi zaren har na tsinci kaina ina karatu kan wata dabba da ban taɓa gani da idona ba.

Wace dabba ce elk, kuma me ya sa mace?

Elk babbar dabba ce daga dangin barewar ƙasashen sanyi. Idan ka san gwanki, to macen elk ta kusa girmansa, tana kai kilo 225 ko kusa da haka, namijin kuma ya fi kilo 300, da ƙaho mai rassa da yake zubarwa duk shekara ya sake fitar da sabo. Macen ba ta da ƙaho. Jihar Kolorado ce ta fi kowace yawansu, kusan dubu 300.

Hukumomin namun daji na jihohi su ne ke ba da izinin harbin mata, kuma da lissafi suke yi. Mace ce ke haihuwa, don haka idan garke ya yi yawa har yana cinye ciyawar da makiyaya suka tara wa shanunsu, ta hanyar rage mata ake rage shi. Shi ya sa ake buɗe farautar mata a ƙarshen shekara, a Montana ma akwai yankunan da take kaiwa tsakiyar Fabrairu. Mai neman mace ba ƙahon ado yake nema ba. Nama yake nema, wanda bayan an cire ƙashi zai iya kai kilo 70 ko fiye.

Aiki biyu da dusar ƙanƙara ke yi wa maharbi

Na farko, ita ce ke koro dabbar. Elk na yin bazara a can saman tsauni. Idan dusar ta yi kauri ta binne ciyawa, sai garken mata da 'ya'yansu su gangaro kwari, inda abinci ke fili. Wasu garkunan kan yi tafiyar kilomitoci masu yawa, kuma kusan hanya ɗaya suke bi duk shekara. A kusa da garin Jackson na jihar Wayomin akwai wurin da gwamnati ta keɓe musu tun 1912, inda dubbai ke taruwa duk lokacin sanyi. Maharbin ƙarshen shekara yakan je bakin irin waɗannan hanyoyi ne ya jira.

Na biyu, ita ce takardar da dabbar ke rubutu a kai. Duk wanda ya taɓa bin sawun akuya da ta ɓace bayan an yi ruwa ya san bambancin ƙasa mai laushi da fako. A kan dusar ƙanƙara sawu na faɗin yawan garke, inda ya nufa, da ko jiya ya wuce ko yau da asuba. Jikin elk kuma ruwan ƙasa ne, yana fitowa sarai a kan farin gangare ko daga nisa.

To idan dusar ba ta zo ba, duka biyun sun tafi. Garke ba shi da dalilin saukowa, sai ya zauna a sama ko ya watsu ƙungiya-ƙungiya a tsakiyar tsauni. Launin jikinsa ya saje da busasshiyar ciyawa. Ƙasa ta bushe, ganye da ƙirare na ƙara a ƙarƙashin takalmi. A nan ne maharbi ke zaro waya.

Matashin kai mai auna dusar ƙanƙara

Abu na farko da yake dubawa shi ne bayanan SNOTEL. Wannan wani tsari ne na ma'aikatar noma ta Amurka, tashoshi sama da 800 da aka kafa a tsaunukan yammacin ƙasar, suna aiki da kansu babu ma'aikaci a wurin. Yadda suke awon ya burge ni. Akwai wani abu kamar shimfiɗaɗɗen matashin kai da aka cika da ruwan da ba ya daskarewa. Dusar da ta zuba a kansa tana danna shi, na'ura ta auna nauyin, daga nan a san yawan ruwan da ke cikin dusar. Shekaru da dama tashoshin suna aika bayanansu ta hanyar harba siginar rediyo sama, ta bugi sawun da tauraro mai wutsiya ya bari a sararin samaniya, ta dawo ƙasa. Ku dubi wannan dabara, tun kafin a haifi yawancinmu.

An kafa tsarin ne don a san ruwan da manoma za su samu idan dusar ta narke, amma bayanan a buɗe suke kyauta a intanet. Kowace tasha an rubuta tsayin wurin da take. Maharbi na iya duba tashoshi uku ko huɗu da ke kewaye da yankinsa, ya ga a wane tsayi dusar ta fara taruwa. Idan tashar da ke can sama ma ba ta nuna komai sosai ba, ya san zaman jira a kwari ɓata lokaci ne, hawa ya kama shi.

Sai hoton tauraron ɗan'adam. Hoton da ke cikin manhajar taswira ta yau da kullum yakan zama tsoho, wani lokaci an ɗauke shi shekaru da suka wuce, kuma da bazara. Amma taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai suna sake ɗaukar wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, kuma kowa na iya gani kyauta. Kowane ɗigo a hoton yana wakiltar mita 10, don haka ba za ka ga elk ba. Abin da za ka gani shi ne iyakar dusar a jikin tsauni, da inda sauran kore yake, da inda gobara ta ci daji a shekarun baya ciyawa ta fito da kyau. Matsalarsa gajimare ne, ranar da ya rufe sai haƙuri.

Gefen da rana ba ta dukansa

Wannan ɓangaren ne na fi jin daɗinsa, domin a nan taswira ke koma wa lissafi. A watan Disamba rana na karkata kudu, ko a Kano za ka lura bangon da ke fuskantar kudu ya fi shan rana. A Montana karkatar ta fi tsanani nesa ba kusa ba. Gangaren da ke fuskantar kudu yana samun rana, shi ya sa a shekarar sanyi mai tsanani elk ke zuwa can, don dusar ta fi saurin narkewa. Gangaren da ke fuskantar arewa kuwa inuwa ne, da itatuwa masu duhu.

A shekara mai ɗumi lissafin juyawa yake yi. Dabbar ta riga ta fitar da gashinta mai kauri na sanyi, ba za ta iya tuɓe shi ba don yanayi ya saɓa. Ka ɗauka ka sa babbar rigar sanyi ta lokacin hunturu, sai rana ta buɗe kamar ta watan Maris. Inuwa za ka nema. Haka elk ke yi: ta fito kiwo da dare da sassafe, hantsi na yi ta shige kurmin gefen arewa ta kwanta. Kuma tun da babu dusar da za ta lasa, maɓuɓɓuga da ƙananan rafuka sun dawo da muhimmancinsu.

Manhajoji irin su onX Hunt da Gaia GPS suna nuna layukan tsayin ƙasa da sifar tsauni, wasu ma suna bari ka tace taswira ta nuna maka gangaren da ke fuskantar gefen da ka zaɓa kawai. Maharbi ya haɗa sharuɗɗa: gefen arewa, kurmi, kusa da ruwa, kusa da filin ciyawa, nesa da hanyar mota. Duk wanda ya taɓa rubuta tambayar tace bayanai a rumbun kwamfuta zai gane abin da ake yi. Daga yanki mai faɗin gaske sai a rage wurare biyar ko shida. Ya sa musu alama, ya sauke taswirar a waya tun yana gida, domin a can babu sabis. GPS ɗin waya ba ya buƙatar data ko layi, sauraron taurari kawai yake yi, taswirar ce ke buƙatar a sauke ta tukuna.

Layin da ba a gani a ƙasa

An kafa onX a garin Missoula na Montana a 2009, kuma abin da ya ɗaukaka shi shi ne nuna iyaka tsakanin filin gwamnati da kowa ke iya shiga da filin mai zaman kansa. Wannan ya fi muhimmanci a shekara mai ɗumi. Elk na da wayo. Idan harbi ya yi yawa a filin gwamnati, sai garke ya tsallaka gandun kiwon wani inda ba a harbi, ga ciyawar ban ruwa, ya yi zamansa. Maharbi na kallonsu da madubin hangen nesa, ɗaruruwa, amma waya na faɗa masa ƙafarsa ba ta da izinin taka wurin.

Batun iyakar ba wasa ba ne. A 2021 wasu maharba huɗu daga jihar Misuri sun yi amfani da tsani suka tsallaka daga kusurwar wani filin gwamnati zuwa wani a Wayomin, ba tare da sun taka filin mai gandun da ke gefe ba. Maganar ta kai kotu, sai a Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba su gaskiya. GPS ɗin waya kan yi kuskuren 'yan mitoci ko a fili, a cikin kurmi ko kwazazzabo kuma ya fi haka, don haka mai hankali ba ya tafiya daidai kan layin.

Tsoffin bayanai, sabuwar shekara

Masana a Jami'ar Wayomin da hukumomin jihohi sun daɗe suna sa wa elk abin wuya mai GPS, kuma daga bayanan aka zana taswirar hanyoyin ƙaurarsu, wadda aka wallafa kowa na iya gani. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai taswirar na nuna inda garke ya bi a shekarun da aka auna, kuma abin da ke tayar da su su bi hanyar shi ne dusar da bana ba ta zo ba.

Na san wannan ciwon. Na taɓa rubuta wa wani mai shago ƙaramar manhaja da ke hasashen kayan da za su ƙare masa bisa cinikin bara. Ta yi aiki lafiya har azumi ya zo. Na manta azumi na matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara, sai ga manhajata tana cewa a sayo sukari da madara bayan an riga an ƙare su. Lissafina daidai ne, kalandar ce ta motsa. Maharbin da ya bi alamar da ya ajiye a waya bara, ya je ya zauna kwana uku bai ga ko kashin elk ba, abin da ya same shi ke nan.

Wani zai ce, to me zai hana a tashi jirgi marar matuƙi mai kyamarar gane zafin jiki, a gama cikin minti goma? Doka ce ta hana. Kolorado ta haramta amfani da irin wannan jirgi wajen farauta tun 2014, jihohi da dama kuma sun yi haka. Arizona ta hana kyamarar da ake ɗaure wa bishiya don farauta daga farkon 2022. A ganina sun yi daidai. Hukuma na ba da lasisi ne bisa sanin cewa da yawa za su koma gida hannu rabbana. Idan kowa zai samu, dole a rage lasisin, kuma mai ƙaramin ƙarfi da ba shi da kuɗin na'ura shi za a fara barowa a baya.

Saboda haka sauran aikin na ƙafa ne da ido da hanci. Ya hau wuri mai tsayi tun kafin gari ya waye, ya zauna yana bin gangare da madubi a hankali. Ya duba kashi, ɗanye ne ko busasshe. Ya saurari kukan da mata ke yi wa 'ya'yansu. Ya kula da iska, domin a tsauni takan gangaro ƙasa da dare da sassafe, rana na ɗumama ƙasa kuma ta juya sama, elk kuwa na jin warin mutum daga nesa. Manhajar yanayi na faɗin iskar yanki gaba ɗaya, ba ta san abin da ke faruwa a cikin kwazazzabo ɗaya ba. Shi ya sa har yanzu suke yawo da ƙaramar kwalbar hoda, su fesa su ga inda ta nufa.

Ko ya dace ya samu, ɗumin bai gama da shi ba. A shekarar sanyi daji kansa firiji ne. A shekara mai ɗumi dole ya feɗe nan take, ya rarraba, ya rataye a inuwa, sannan ya yi ta jigila a baya zuwa mota sawu uku ko huɗu, tun da babu dusar da zai ja naman a kai. Barin nama ya lalace laifi ne a dokar jihohin. Don haka kafin ya harba yakan duba waya ya ga nisansa da mota da irin hawan da ke tsakani.

Idan kana son ganin abin da idonka, buɗe Copernicus Browser, ka nemi garin Bozeman a Montana, ka zaɓi hoton Sentinel-2 na wata rana marar gajimare a Disamba 2022, sannan ka kwatanta da na Disamba 2023. Ka yi hakan lokacin da kake da isasshiyar data, hotunan na da nauyi.