Leopold da Loeb: Wane Ne Ya Ja Wani Zuwa Ga Kisa?

Ranar 21 ga Mayu, 1924, Bobby Franks, ɗan shekara 14, ya tashi daga makaranta a unguwar Kenwood ta masu hannu da shuni a birnin Shikago na Amurka, amma bai isa gida ba. Washegari, yayin da mahaifinsa ke shirin kai dala 10,000 kuɗin fansa, sai aka tsinci gawar yaron cushe a cikin kwalbati kusa da tafkin Wolf. A gefenta akwai wani tabarau mai mahaɗi na musamman, wanda mutum uku kacal aka sayar wa irinsa a birnin. Ɗaya daga cikinsu shi ne Nathan Leopold, ɗan shekara 19.

Leopold ya ce a ranar yana yawo ne cikin motarsa tare da amininsa Richard Loeb, ɗan shekara 18. Direban gidansu ne ya warware wannan ƙarya ba da niyya ba, da ya shaida cewa motar tana gareji yana gyaranta a wannan yini. Kwana goma bayan kisan, dukansu biyu suka amsa laifi. Bayanansu sun zo ɗaya a kan motar haya da suka ɗauka, da cizal ɗin da aka buga wa yaron a ka, da wasiƙar neman fansa. Wuri guda kawai suka saɓa: kowanne ya ce shi ke riƙe da sitiyari, ɗan'uwansa ne a kujerar baya ya yi kisan.

Daga nan jama'a suka shiga neman jagora. Da fari jaridu sun ɗora wa Leopold, domin shi ne mai zurfin karatu, masanin tsuntsaye da harsuna, marar sakin fuska, wanda ya haɗiye ra'ayin Nietzsche na cewa akwai fitaccen mutum da ya fi ƙarfin dokokin gama-gari. Loeb kuwa kyakkyawa ne mai fara'a, ɗan mataimakin shugaban kamfanin Sears, saboda haka aka ɗauke shi yaron kirki da mugun aboki ya ɓata. Ba a jima ba hoton ya juye. Binciken likitocin ƙwaƙwalwa da lauyoyin kariya suka ɗauko ya nuna cewa Loeb ne mai ƙishirwar aikata laifi tun yana ƙarami, daga 'yan sace-sace zuwa cinna wa gine-gine wuta, kuma shi ke mafarkin laifin da ba za a taɓa gano mai shi ba. Ɗaya daga likitocin ya faɗa wa kotu cewa Loeb ya amsa masa shi ya yi dukan. Sai dai akwai shaidan da ya ce ya ga Loeb yana tuƙi jim kaɗan kafin a ɗauke yaron.

Abin da likitocin suka tono game da zukatan samarin ya fi wannan gardama muhimmanci. Loeb kan hango kansa a matsayin ƙasurgumin ɗan fashi, kuma irin wannan buri ba ya cika sai da ɗan kallo mai jinjinawa. Leopold kuma kan hango kansa a matsayin bawan wani sarki, amma bawa mai ƙarfi wanda sarkin ba ya tsira sai da shi. A Nuwamban 1923, kan hanyarsu ta dawowa daga fasa wani masaukin ɗalibai a Ann Arbor, inda suka sace keken rubutun da daga baya aka buga wasiƙar fansa da shi, suka ƙulla yarjejeniya: Leopold zai ci gaba da rakiya wajen laifi, Loeb zai biya masa buƙatarsa ta kusanci. Da wuya a kira wannan jagora da mabiyi. Ciniki ne, kowa ya kawo abin da ɗayan ya rasa, kuma Leopold ne ya zaɓi inda za a ɓoye gawar, wurin da ya saba zuwa kallon tsuntsaye.

Dalilin kisan ma ya sha fassara. Mai gabatar da ƙara, Robert Crowe, ya dage cewa kuɗi ne, ko da yake 'ya'yan attajirai ne da ba su san babu ba. Lauyansu Clarence Darrow ya sa suka amsa laifi domin kauce wa masu taya alƙali yanke hukunci, sannan ya gina kariyarsa kan rashin lafiyar tunani da ƙuruciya. Ko wanda aka kashe ba da wata ƙiyayya aka zaɓe shi ba. Bobby dangin Loeb ne kuma maƙwabcinsa, abin da ya sa ya shiga motar ba tare da fargaba ba.

Alƙali John Caverly bai ɓata lokaci kan tantance shugaba ba. Ranar 10 ga Satumba, 1924, ya yanke wa kowannensu ɗaurin rai-da-rai kan kisa, da shekara 99 kan satar mutum, yana mai cewa ƙarancin shekarunsu ne ya hana shi aika su ga rataya. Tambayar jagoranci ta fi yi wa iyaye da maƙwabta amfani, domin idan aka samu mugu guda, ɗayan ya zama ɗan mutane da tsautsayi ya haɗa da abokin banza.

A 1936 wani fursuna, James Day, ya kashe Loeb da reza a kurkukun Stateville. Leopold ya samu sassauci a 1958, ya koma Puerto Rico, ya yi aure, ya rasu a 1971. A gaban hukumar afuwa ya bayyana kansa a matsayin yaron da son faranta wa abokinsa ya rufe wa ido, kuma wannan bayani ne ya fi yaɗuwa. Shekara 35 ya yi yana ba da labarin shi kaɗai, bayan wanda zai iya musanta shi ya riga ya kwanta dama.