Stephen Keshi: Kyaftin Ɗin Da Abijan Ta Buɗe Wa Ƙofa

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Guro ta Ajame da sassafe, lokacin da ake sauke buhunan albasar Galmi da kwandunan tumatir, ya san cewa da ciniki ya lafa hirar ƙwallo ce ke ɗaukar wuri. Gardamar da ba ta ƙarewa ita ce: shin ɗan ƙasa zai iya riƙe ƙungiyar ƙasa, ko kuwa sai an ɗauko Bature? Dattawan da suka ga wasannin shekarun 1980 sukan kashe bakin yara da suna guda, wato Stephen Keshi.

Idan ba a manta ba, ba da shiri Keshi ya zo garin nan ba. Yana ɗan wasan baya a New Nigeria Bank ta Benin hukumar ƙwallon Nijeriya ta dakatar da shi tare da wasu abokansa, bisa laifin rashin zuwa sansanin horo a kan lokaci. Maimakon ya zauna ya rungume hannu, sai ya tsallako Kwaddibuwa a 1985 ya shiga Stade d'Abidjan, daga nan ya koma Africa Sports, wadda ta ci gasar ƙasa a 1986. Daga Abijan ya wuce Beljiyam, ya buga wa Lokeren da Anderlecht, sannan Strasbourg ta Faransa. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya biyo sawunsa zuwa Africa Sports a 1987.

A 1994 shi ne kyaftin lokacin da Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya, bayan ta fitar da Giwaye a bugun fenareti a wasan kusa da na ƙarshe.

To amma aikin horarwa bai zo masa da sauƙi ba. Yana mataimakin Shu'aibu Amodu suka samo wa Nijeriya gurbin gasar duniya ta 2002, aka sallame su kafin a tafi. Ya kai Togo gasar duniya ta 2006, karon farko a tarihinta, nan ma aka cire shi aka miƙa wa Bajamushe Otto Pfister. Wato dai kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi. Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa 2010, kafin Nijeriya ta kira shi a 2011.

A gasar 2013 a Afirka ta Kudu ya yi abin da mutane da yawa suka kira kasada, ya ajiye wasu manyan sunaye ya ɗauki yaran da ke wasa a gida. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da su Drogba da Yaya Toure da ci 2-1, shi kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Da wannan Keshi ya zama na biyu, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar, da ya ci kofin yana ɗan wasa kuma yana koci.

Abin mamaki, Abijan ce ta sake shiga labarinsa. A Yulin 2015 hukumar ta kore shi, jim kaɗan bayan sunansa ya fito cikin masu neman horar da Giwaye. Ya rasu a Benin a Yunin 2016, yana da shekara 54.

A Fabrairun 2024 a filin Ebimpe, Emerse Fae, tsohon ɗan wasan Giwaye da aka ba riƙo a tsakiyar gasa, ya doke Nijeriyar da ɗan Fotugal ke horarwa da ci 2-1. 'Yan Nijeriyar kasuwa sun sha tsiya washegari, amma a gardamar koci ɗan ƙasa, ranar nan bakin kowa ya zo ɗaya.