Kan Tagullar da Ya Rikita Masana Shekara Ɗari

Mai karatu, a ce kai ne mai tsaron wani kayan gadon garinku, abin da ake binnewa a kurmi, ba a tono shi sai ranar biki. Kwatsam sai ga baƙon Bature da tafintansa, ya dire maka fam shida da kwalbar giya, ya ce ka ba shi. Za ka miƙa hannu, ko za ka nuna masa hanya? An yi wannan ciniki a Ile-Ife ta ƙasar Yarabawa a ƙarshen 1910, kuma an karɓi kuɗin.

Baturen shi ne Leo Frobenius, Bajamushe mai yawon tattara labarai da kayan tarihi. Mutanen Illo ta ƙaramar hukumar Bagudo, da danginsu na Nikki a tsallaken iyakar Jamhuriyar Benin, suna cikin littattafansa ko da ba su sani ba, don ya rubuta labarin Kisra, kakan sarakunan Borgu, ya kuma jingina shi ga wani sarkin Farisa. Halinsa ke nan: in ya ga abin burgewa a ƙasar baƙar fata, sai ya ɗaga kai yana neman wanda ya kawo shi daga waje. To, me aka tono masa?

Kan mutum ne na tagulla, sanye da kambin sarauta. Zane sirara-sirara sun sauko daga goshi har haɓa, leɓɓan a haɗe kamar mai shirin magana. Mutanen gari suna danganta shi da Olokun, abin bautarsu na teku. Frobenius ya ce a'a, wannan Poseidon ne, gunkin teku na tsoffin Girkawa, Ife kuwa ragowar Atlantis ce, tsibirin da Aflatun ya ce ruwa ya haɗiye. A Janairun 1911 jaridar New York Times ta buga cewa Bajamushe ya gano Atlantis a Afirka.

Ba shi kaɗai ne mai wannan makanta ba. A 1897 sojojin Ingila sun kwashe ɗaruruwan faifan tagulla da a da suke ƙawata ginshiƙan fadar Oba, sarkin Birnin Benin, wasu masanan Landan suka ce ai 'yan Fotugal ne suka koya wa maƙeran. Abin takaici ne a ce mutum ya yarda da garin da ya nutse a tatsuniya, amma ya kasa yarda da hannun maƙerin ƙasar da yake tsaye a kanta.

Mu koma Ife. Ƙarar cinikin ta kai kunnen Razdan na Ibadan, Charles Partridge. Ya taso har Ife, ya tilasta wa Frobenius ya mayar da kan. Ka ce magana ta ƙare? Yanzu aka fara.

A 1938 masu haƙa harsashin gida a Wunmonije, dab da fadar Ooni, sarkin Ife, suka ci karo da kawuna 13 na tagulla, daga baya aka ƙara samun wasu. Bincike ya nuna aikin Ife ne na tsakanin ƙarni na 12 da na 15, tun kafin jirgin Bature ya saba da gaɓar tekun nan. A 1948 aka kai kawunan gidan tarihin Birtaniya, har da na Olokun. Nan masana biyu, William Fagg da Leon Underwood, suka dube shi suka ce jabu ne.

Hujjarsu tana ga zubin. Maƙerin Ife yakan tsara fuskar da kakin zuma a kan dunƙulen yumɓu, ya sake lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya kwarara narkakkiyar tagulla a gurbinsa. In ta huce sai ya fasa yumɓun, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya. Su kuwa suka ce wannan kan a cikin yashi aka zuba shi, irin aikin masana'antar Turai. Wa ya yi musanya? Ina na ainihin?

Shekara talatin tambayar tana cin mutane. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin mulkin soja na Obasanjo, raɗe-raɗi ya iso wa marubuci Wole Soyinka cewa kan na ainihi yana gidan wani mai zane a Bahia ta ƙasar Brazil. Mai karatu, da kai ne fa? Ka rubuta takardar koke ka zauna jiran amsa, ko ka ɗauki jaka? Soyinka ya ɗauki jaka. Shi da Olabiyi Yai, masani ɗan Jamhuriyar Benin, suka shiga gidan a matsayin baƙi, Soyinka ya faki ido ya sunkuce kan. Shi da kansa ya ba da labarin a tarihin rayuwarsa.

Tun a hannu ya ji abin ba nauyi. Da suka kai shi Dakar aka duba, ashe na yumɓu ne, ga tambarin BM a jikinsa, irin kwafin da gidan tarihin Birtaniya ke sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Mutumin da zai ci kyautar Nobel a 1986 ya sa kansa a haɗarin kurkuku saboda tsarabar kanti. Kada ka yi saurin yi masa dariya. Kishin kayan gida ne ya kai shi, kuma maganar manyan masana ya gaskata.

A 2010 aka sake kai kan Olokun Landan don wani baje kolin fasahar Ife. Wannan karon aka haska shi da na'ura, aka gwada ƙarfensa da ragowar yumɓun da ke cikinsa. Masani Paul Craddock da abokan aikinsa suka buga sakamakon a 2013: da kakin zuma aka zuba shi, kuma alamu sun rinjaya ga cewa shi ne dai wanda Frobenius ya riƙe a 1910. Kan da aka ƙetare teku ana nema, duk tsawon lokacin yana ajiye a Ife ana kiransa jabu.