Shirin Hutu a Tsibiran Maldibis

Maldibis ƙasa ce mai tsibirai kusan 1,200 a Tekun Indiya. A wuraren hutu na alfarma, galibi otal ɗaya ne ke riƙe da tsibiri sukutum. Babu kasuwa, babu gidan abinci sai nasa. Shi ya sa mai shirin zuwa yakan fara bincika ko kuɗin ɗaki ya haɗa da abinci.

Abin da aka fi mantawa shi ne lokacin isowa. Yawancin tsibiran da ke nesa da Male, babban birnin ƙasar, akan kai baƙi can ne da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ba ya tashi da dare. Baƙon da ya iso bayan magariba sai ya kwana kusa da filin jirgi, alhali ya riga ya biya kuɗin ɗakinsa na tsibiri.