Kaza da 'Ya'yanta: Yadda ake haihuwar taurari da abin da ya kamata Musulmi ya fahimta

Duk wanda ya fito daga sallar Isha'i a cikin hunturu, a daren da ƙura ta lafa kuma aka ɗauke wuta, idan ya ɗaga kansa zai ga wasu 'yan taurari sun cure wuri guda kamar 'yan tsaki sun kewaye uwarsu. Kakanninmu sun sa musu suna Kaza da 'Ya'yanta, Larabawa kuwa suna kiransu Surayya. Mai lafiyar ido yakan ƙirga shida, mai kaifin gani ya kai bakwai. Malamanmu na hisabi sun san Surayya a matsayin ta uku cikin manzilolin wata 28, kuma an ruwaito daga Mujahid, almajirin Ibn Abbas, cewa ita ce tauraron da aka yi rantsuwa da shi a farkon Suratun Najmi.

Abin da ya sa muka ɗauko zancenta shi ne hotunan sararin samaniya da suka cika wayoyin mutane a 'yan shekarun nan. Ɗalibai sukan tare mu bayan karatu suna tambaya ko gaskiya ne har yau ana haihuwar sababbin taurari, kuma ko hakan bai ci karo da aƙidarmu ba. Wasu suna yaɗa hotunan da rubutun cewa ga hayaƙin da Alƙur'ani ya ambata an gani da ido. Wasu kuma har gobe suna kai kuɗinsu wurin masu duba domin a gaya musu abin da tauraronsu ya ƙunsa. Dukansu suna bukatar sanin mene ne tauraro, da yadda yake samuwa.

Jaririya ce a cikin taurari

A shekarar 1610 Galileo, masanin nan na Italiya, ya dubi Surayya da madubin hangen nesa, ya zana taurari 36. A yau an san gungun ya ƙunshi fiye da taurari 1,000. Nisansa da mu ya kai kimanin shekarun haske 440. Haske yana keta kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, yakan iso mana daga rana cikin minti 8 da 'yan kai, kuma tafiyar da yake yi a shekara guda ita ake kira shekarar haske. Ke nan hasken Surayya da ke shiga idanunmu a daren yau ya baro can fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804.

Masana suna ƙiyasta shekarun wannan gungu da kimanin miliyan 100, alhali ranarmu, wadda ita ma tauraro ce, ta kai shekara miliyan 4,600. Idan muka ɗauki rana a matsayin magidanci ɗan shekara 46, to taurarin Surayya yaro ne ɗan shekara ɗaya da bai daɗe da fara tatata ba. Suna tare ne saboda daga uwa ɗaya suka fito, a kusan lokaci ɗaya. Uwar kuwa gajimare ce.

Gajimaren da ba ya kawo ruwa

Tsakanin taurari ba fanko ba ne. Akwai manyan gajimarai na iskar gas da ƙura, waɗanda faɗin wasunsu ya haura shekarun haske 100, nauyinsu kuma ya ninka na rana sau dubban ɗaruruwa. Mafi yawan abin da ke ciki haidurojin ne, sai hiliyom, ƙura kuma kamar kashi 1 cikin 100 na nauyin. Sanyin wurin ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. A irin wannan sanyi ƙwayoyin zarra na haidurojin sukan haɗu bibbiyu su zauna tare, shi ya sa ake kiran waɗannan wurare gajimaren haɗaɗɗun ƙwayoyi.

Duk da girmansu, sakayau suke. A gurbin da bai wuce kan ɗan yatsa ba akan sami ƙwayoyi 'yan ɗaruruwa ko dubbai, alhali iskar da muke shaƙa tana da biliyan sau biliyan fiye da sau 20 a daidai wannan gurbi. Amma saboda tsananin faɗi, 'yar ƙurar da ke ciki takan tare hasken taurarin da ke bayanta, kamar yadda hazon hunturu yake ɓoye dutsen da ke bayan gari. Masu binciken farko sun zaci ramuka ne a cikin sama, sai a farkon ƙarni na 20 hotunan Edward Barnard, wani masani Ba'amurke, suka taimaka aka gane cewa duhun wani abu ne da ya tsaya a tsakani. A 1970 kuma Robert Wilson da Keith Jefferts da Arno Penzias suka gano alamar iskar kabon monoksaid a gajimaren Jauza'u ta hanyar igiyoyin rediyo. Tun daga nan wannan iska ta zama sawun da ake bi a gano inda gajimaran suke, domin haidurojin mai sanyi ba ya bayyana kansa da sauƙi.

Daga ƙura zuwa haske

Allah Maɗaukaki Ya sanya wa kowane abu mai nauyi ƙarfin janyo ɗan'uwansa. A cikin gajimaren, wannan ƙarfi yana tattaro gas zuwa ciki, ɗumi da motsin ƙwayoyi kuma suna turawa waje. A 1902 James Jeans, masanin lissafi ɗan Ingila, ya nuna cewa idan wani yanki ya yi sanyi sosai kuma nauyinsa ya haura wani haddi, janyowa takan yi rinjaye, yankin ya fara rubzawa cikin kansa. Yana rubzawa yana tsagewa gida-gida, kowane dunƙule yana zama farkon tauraro. Wannan ne dalilin da ya sa taurari suke zuwa a gungu, ɗaruruwa ko dubbai a ɗaki ɗaya.

Dunƙulen yana matsewa yana ƙara zafi, yana juyawa, gas ɗin da ke kewaye da shi yana shimfiɗuwa kamar faifai. Daga irin wannan faifai duniyoyi suke samuwa. A 2014 na'urorin ALMA, da ke hamadar Atakama a ƙasar Chile, suka ɗauko hoton faifan wani jaririn tauraro mai suna HL Tauri, da zobba a jikinsa kamar saƙar faifan kaba. Idan zafin tsakiya ya kai kimanin digiri miliyan 10, haidurojin sai ya fara rikiɗa zuwa hiliyom, ana samun makamashi mai yawa. A nan tauraro ya cika tauraro. Irin ranarmu yakan ɗauki shekaru miliyoyi gommai kafin ya kai wannan mataki. Dunƙulen da nauyinsa bai kai kashi 8 cikin 100 na rana ba, wutarsa ba ta kamawa.

Mai son ganin ɗakin haihuwar ba ya bukatar na'ura. Gabas da Kaza akwai taurari uku da suka jeru sahu ɗaya a tsakiyar Jauza'u. A kusa da su, ta ɓangaren kudu, akwai wani ɗan haske dishi-dishi. Gajimaren Jauza'u ke nan, mai nisan shekarun haske kusan 1,350, wato haskensa ya taso tun wajen ƙarni na farko na Hijira. Taurari dubbai ne a cikinsa, kuma mafiya ƙuruciyarsu ba su wuce shekara miliyan 1 ba. A ma'auninmu na ɗazu, jinjiri ne da ko suna ba a yi ba. Hotunan da suka fi yawo a waya, masu kama da ginshiƙan hayaƙi, na wani gajimaren ne daban mai nisan shekarun haske kimanin 6,500. Madubin Hubble ya ɗauke shi a 1995, madubin James Webb, wanda aka harba a ranar 25 ga Disamba 2021, ya sake ɗaukarsa a 2022 da irin hasken zafi da ido ba ya gani, wanda ke ratsa ƙura.

Gida ba ya ɗorewa

Kaɗan ne daga cikin gas ɗin gajimare yake zama taurari. Manyan taurarin da aka haifa suna da tsananin zafi, haskensu da iskar da suke fesowa sukan kore sauran gas ɗin cikin 'yan miliyoyin shekaru. Gas yana tafiya, nauyin da ke riƙe da gungun sai ya ragu, 'ya'ya su watse kowa ya kama gabansa. Mafi yawan gungu a haka suke ƙarewa tun suna ƙanana. Surayya tana cikin 'yan kaɗan da suka jure, amma ita ma lissafi ya nuna za ta watse nan da shekara miliyan 250 ko makamancin haka. Masana da yawa suna ganin ranarmu ma a gungu aka haife ta, 'yan'uwanta sun daɗe da bazuwa.

Manyan taurarin kuwa gajerun kwana ne. Cikin shekaru miliyoyi kaɗan suke cinye makamashinsu su tarwatse. Likitan nan na Masar, Aliyu ibn Ridwan, ya rubuta bayanin wani sabon tauraro mai tsananin haske da ya bayyana a shekarar 1006, wanda a yau aka san fashewar tauraro ce. Abin da taurari masu mutuwa suke watsarwa, irin su kabon da iskar oksijin da baƙin ƙarfe, yana komawa cikin gajimarai, a sake gina wasu taurari da shi.

Matsayinmu

Ga ɗalibin da ke fargabar saɓani, muna cewa hankalinsa ya kwanta. Kullum ana haihuwar jarirai ta hanyar sababai sanannu, babu wanda ya ce hakan ya rushe halittar Annabi Adamu, alaihis salam. Ubangijin da Ya halicci sammai bai gushe ba Yana halitta, kuma sanin sababi yana ƙara wa mumini ganin hikimar Wanda Ya tsara shi. Magabatanmu ba su ji tsoron wannan fage ba. Abdurrahman As-Sufi ya kammala littafinsa na siffofin taurari a shekarar 964, ya kuma rubuta wuraren da ya ga haske mai kama da ɗan gajimare.

Ga mai yaɗa hoto da sunan tafsiri, muna jan kunnensa. Hayaƙin da aka ambata a aya ta 11 ta Suratu Fussilat yana magana ne kan farkon halittar sama, kuma Ibn Kasir ya fassara shi da tururin ruwa. Gajimaran da muka bayyana suna nan a yau, a cikin saman da aka riga aka gina. Tunani a kan kamancen ba laifi ba ne, amma yanke cewa wannan hoto shi ne abin da Allah Yake nufi magana ce a kan Littafinsa ba da hujja ba. Ƙididdigar masana takan sauya idan an sami sabon awo, kuma wanda ya ɗaure aya a jikin ƙididdiga ya jefa imanin yara cikin haɗari ranar da ta sauya.

Ga mai zuwa wurin masu duba kuwa, maganar ta fi nauyi. Zaid ibn Khalid Al-Juhani ya ruwaito cewa a Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bambanta wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro. Manomi yana iya lura cewa Kaza takan ɓace daga sama a ƙarshen bazara, ta sake fitowa da asuba a farkon damina, ya shirya irinsa da gatarinsa da fartanyarsa. Wannan sanin lokaci ne, kuma halal ne. Amma dunƙulen gas da aka haifa cikin ƙura, wanda bai iya riƙe 'yan'uwansa ba balle ya tsawaita kwanansa, ba shi da abin da zai ce game da auren 'yarmu ko cinikin ɗanmu.

Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya kafa wa mutanensa hujja da faɗuwar tauraro a dare ɗaya. Mu an nuna mana har haihuwarsa da watsewarsa. Idan hunturu ya zo, mu fito da 'ya'yanmu tsakar gida bayan Isha'i, mu nuna musu Kaza da taurari ukun nan da ɗan hasken da ke kusa da su, mu gaya musu abin da ke faruwa a can da Wanda Yake gudanar da shi. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Shi ne Mafi sani.