Abinci da Abin Shan Marubuci a Ma'aunin Shari'a: Goro, Shayi da Gahawa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

Rubutu aiki ne na jiki kamar yadda yake aiki na hankali. Alaramman da ya zauna watanni yana rubuta Alƙur'ani da ka, da malamin da yake tattara mas'aloli domin wallafa, da ɗalibin da yake haɗa kundin kammala karatu, dukkansu suna buƙatar abin da zai riƙe su tsawon zama. A ƙasar Ruwan Godiya da kewayenta, wato Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, an saba ganin malami da goro a gefen buzunsa, ɗalibi kuma da kofin shayi, a 'yan shekarun nan kuwa har da gwangwanayen lemukan ƙara kuzari da ƙwayoyin hana barci. Wannan maƙala tana bayani a kan abin da malamai suka ce game da abincin mai aikin ilimi, da yadda fuƙaha'u suka hukunta abubuwan da ke farkarwa, da iyakar da ke tsakanin halal ɗinsu da abin da ke ɓata hankali.

Asalin mas'alar a nassi

Aya ta 31 a Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta kuma hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, Allah Ya yarda da shi, wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, ya fayyace wannan iyaka: 'yan lomomin da za su miƙar da bayan mutum sun wadatar da shi, in kuwa ya zama dole ya ƙara, sai ya kasa cikinsa uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ibnu Rajab ya sanya shi hadisi na 47 a cikin Jami'ul Ulumi wal Hikam, ya kuma ɗauke shi tushen ilimin likitanci.

A ɗaya ɓangaren akwai hadisin Abdullahi ɗan Amru a cikin Sahihul Buhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi dawwama a kan azumi da tsayuwar dare, ya sanar da shi cewa jikinsa da idonsa suna da haƙƙi a kansa. Haka kuma hadisin Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ya umarci wanda gyangyaɗi ya kama a cikin salla da ya kwanta har barcin ya sake shi, domin bai san abin da harshensa zai furta ba. Idan an hana mai gyangyaɗi ci gaba da nafila saboda tsoron kuskuren lafazi, to mai rubuta aya ko mai naƙalto hukunci ya fi cancanta da wannan tsoro, domin kuskurensa yana zama a takarda, wasu su kwafa bayansa.

Abin da malaman tarbiyya suka faɗa

Littafin Ta'alimul Muta'allim na Imam Zarnuji sananne ne a zaurukan ƙasar Hausa. Marubucin ya danganta kasala da mantuwa da yawan majina, ya danganta majinar da yawan ci da sha. Cikin abubuwan da ya ce suna ƙarfafa hadda akwai asawaki, da shan zuma, da cin lubban da sukari, da cin jan zabibi 21 kullum kafin a karya kumallo. Cikin masu jawo mantuwa ya lissafa ɗanyen kusbara da tuffa mai tsami. Ibnu Jama'a, wanda ya rasu a shekarar 733 bayan Hijira, ya bi irin wannan tafarki a cikin Tazkiratus Sami'i wal Mutakallim.

Wajibi ne ɗalibi ya rarrabe abu biyu a nan. Umarni da daidaito a ci da sha nassi ne. Lissafin zabibi da tuffa kuwa ya ginu ne a kan likitancin wancan zamani, wanda ke fassara lafiya da rinjayen zafi da sanyi da danshi da bushewa. Irin wannan bayani ana auna shi da gwaji, ana karɓar abin da ya tabbata, kuma barin sauran ba raina malamai ba ne.

Tarihin magabata ya nuna yadda suka ɗauki abinci a matsayin guzurin aiki. An ruwaito cewa Ibnu Aƙil Bahambale, wanda ya rasu a 513, yakan zaɓi busasshiyar gurasa da aka jiƙa da ruwa domin ta fi saurin haɗiya, ya sami ƙarin lokacin rubutu. Imam Nawawi kuma sau ɗaya yake cin abinci a yini, bayan isha'i, ya sha ruwa sau ɗaya da sahur. Waɗannan halaye ne na mutane keɓantattu, ba a ɗora su a kan kowa ba. Ibnul Jauzi a cikin Saidul Khaɗir ya soki masu horar da kansu da yunwa har su kasa ibada da karatu, ya kwatanta jiki da abin hawa wanda in ba a ciyar da shi ba, ba zai kai mahayinsa masauki ba.

Goro

Goro ba ya fitowa a ƙasar Hausa. Ɗan kurmi ne da fatake suka riƙa kawowa daga Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Tarihin Kano ya ambaci shigowarsa a zamanin Sarki Dauda, ya kuma ce an buɗe hanyar Gwanja a zamanin Abdullahi Burja, duka a ƙarni na 15 na Miladiyya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun shahara da wannan fatauci, kuma ayarinsu yakan tafi da malami. Ta wannan hanya littattafai suka bi goro: Alhaji Umaru Salga, haifaffen Kano a 1858, ya zauna a Salga, daga baya ya koma Karaci, inda ya karantar ya kuma yi rubuce-rubuce har rasuwarsa a 1934. Da jirgin ƙasa ya iso Arewa a farkon ƙarni na 20, goron ƙasar Yarabawa ya yawaita, ya kai hannun talaka.

Abin da ke farkarwa a goro shi ne sinadarin kafeyin, wanda ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen goro. Yadda yake aiki shi ne: muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, taruwarsa ce ke sa a ji barci. Kafeyin yana toshe gurbin da adinosin ke sauka, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiya. Gajiyar kuwa tana nan, saƙonta kawai aka tare. Saboda haka kuzarin goro rance ne, barci ne kuma ke biyansa. Goro yana kuma kashe jin yunwa, shi ya sa matafiya suka so shi, shi ya sa kuma mai rubutu kan wayi gari ya yini da goro a cikin da babu komai, abin da ke tayar wa mai gyambon ciki ciwonsa.

Gahawa da hukuncin fuƙaha'u

Sufayen Yaman ne suka yaɗa shan gahawa a ƙarni na 9 na Hijira domin su iya raya dare da zikiri. A shekarar 917, daidai da 1511, Kha'ir Beg, mai kula da hisba a Makka, ya tara malamai da likitoci biyu, aka yanke hana ta. Da maganar ta isa Alƙahira, amsar da ta dawo ta fi karkata ga hana majalisun da ake shan ta a cikinsu. Saɓanin ya ci gaba shekaru, har Abdulƙadir al-Jaziri ya wallafa Umdatus Safwa fi Hillil Ƙahwa yana kare halaccinta.

Maganar da ta fi amfanar mu ita ce ta Imam al-Haɗɗab, Bamalike, wanda ya rasu a 954. A cikin Mawahibul Jalil, sharhinsa ga Mukhtasar na Khalil, ya tabbatar da cewa gahawa a kan kanta ba ta sa maye, nishaɗi kawai take sa wa rai, haramci kuwa yana iya shigo mata daga abin da ya kewaye ta, kamar kwaikwayon majalisar mashaya ko shagala daga wajibi. Kafin shi, Imam al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 684, ya kasa masu taɓa hankali gida uku a cikin al-Furuƙ. Muskir shi ne mai gusar da hankali tare da annashuwa. Mufsid shi ne mai rikita hankali ba tare da wannan annashuwa ba, gaɓoɓin ji kuma suna nan. Murƙid shi ne mai gusar da hankali da ji gaba ɗaya. Goro da shayi da gahawa ba su shiga ko ɗaya daga cikin ukun ba, don haka suna nan a kan asalinsu na halacci, hukuncinsu kuma yana bin manufar mai sha da abin da shan ya haifar masa.

Shayi da lemukan zamani

Koren shayi ya bazu a Sahara daga Maroko a ƙarni na 19, shi ne wanda ake dafawa a ƙaramar buta a Agadas da Maraɗi da Damagaram. Baƙin shayi da madara da burodi kuwa ya zama abincin teburin mai shayi a kowace tasha da bakin kowace makaranta. Kofin shayi yana ɗauke da kafeyin kimanin miligiram 40 zuwa 50, kofin gahawa 80 zuwa 100, ƙaramin gwangwanin lemun ƙara kuzari kuma kimanin 80. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Jiki yana ɗaukar kimanin sa'o'i 5 kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, saboda haka shayin da aka sha bayan isha'i yana nan a jini har tsakar dare. Wanda ya san shayin dare zai sa ya makara sallar asuba ya sayi nafila da farilla.

Abu biyu ke biye da shayi. Na farko sukari: yana ɗaga kuzari da sauri, ya sauke shi da sauri, ya bar mutum da kasala, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, kimanin giram 50 ga baligi. Na biyu, shan shayi tare da abinci yana rage sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa, wanda ƙarancinsa ke kawo ƙarancin jini da gajiya.

Inda aka ƙetare iyaka

Neman ƙarfin karatu ta hanyar magani ba sabon abu ba ne. Ɗaliban da suna shan wani ɗan itace mai suna balazur domin ƙarfafa hadda, kuma littattafan tarihin malamai sun ambaci waɗanda ya taɓa wa hankali ko ya illata wa jiki. Daga sunansa laƙabin masanin tarihi al-Balazuri ya fito. Balazur ɗin zamaninmu shi ne tiramadol da kodin da makamantansu, waɗanda wasu ke sha da sunan kashe gajiya. Gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 saboda yadda ya yi wa matasa ɓarna. A ma'aunin al-Ƙarafi, shan irin waɗannan ba bisa umarnin likita ba yana kai wa ga rikita hankali ko gusar da shi, kuma kiyaye hankali ɗaya ne daga larurori biyar da Shari'a ta zo domin tsare su. Kyakkyawar niyya ba ta halatta shi. Wanda ya ɓata hankalinsa domin neman ilimi ya fasa tulun da ya je ɗiban ruwa da shi.

Abin da ke riƙe mai rubutu

Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kimanin kashi 20 na kuzarinsa, kuma ta fi jin daɗin abincin da ke sakin ƙarfinsa a hankali. Ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ƙasar noman dawa da masara da gero da wake da waken soya ce, abin da ake nema yana cikin rumbunta. Koko da ƙosai ko kunun gyaɗa da safe, fura da nono da rana, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, awara, da gyaɗa ko aya ko dabino a gefen takarda, wasunsu suna haɗa hatsi da abin gina jiki. Kunu ma ɗan'uwan talbina ne, wato kunun sha'ir da hadisin Nana A'isha a Buhari ya yaba da shi wajen sanyaya zuciyar mara lafiya. Tuwo mai nauyi a bar shi sai an ajiye alƙalami. A yawaita shan ruwa, musamman a bazara, a yi ƙailula, a kuma tsayar da goro da shayi tun la'asar.

Akwai gyara guda da ya wajaba a kan masu karantarwa. Nassoshin rage ci suna magana ne da wanda yake da abin da zai rage. Almajirin da ya kwana bai ci ba, ko ɗalibin da matsalar tsaro ta raba iyayensa da gonarsu, kamar yadda ya faru da gidaje da yawa a wannan yanki, ba a karanta masa falalar yunwa, ciyar da shi ake yi. Magabata sun gane haka: a zamanin da, Azhar ta daɗe tana raba wa ɗalibanta gurasa kullum daga dukiyar waƙafi, ciki har da mazauna ruwaƙin mutanen Barno. Buhun dawa da aka keɓe wa tsangaya daga zakkar amfanin gona ko sadaka yana cikin hidimar ilimi kamar gina ajinta.

Kammalawa

Abincin halal daidai gwargwado da isasshen barci su ne jarin mai aikin ilimi. Goro da shayi da gahawa halal ne, mataimaka ne na ɗan lokaci, ana kuma samun lada da su idan an yi nufin ƙarfafa kai a kan alheri. Suna zama abin ƙi idan sun cutar da jiki, su haramta idan sun kai ga tozarta farilla ko cuta tabbatacciya. Duk abin da ke rikita hankali kuwa haramun ne ko da sunan karatu aka sha shi. Allah ne Mafi sani. Muna roƙonSa Ya ba mu ilimi mai amfani da arziki mai tsarki da aiki karɓaɓɓe.